Barewar Madam Agnes

Paulina ta zagaya bayan madafa da tsintsiya a hannu, sai ta tarar da mahaifinta a tsugune kan tsohon buhu yana fiɗa. Har ya kusa gamawa. Da fari ta ɗauka akuyar maƙwabta ce ta faɗa rijiya aka roƙe shi ya gyara. Sai da idonta ya kai ga kan da aka ajiye a gefe, ƙaho ɗaya cikakke, ɗaya guntu, sannan tsintsiyar ta suɓuce mata.

"Baba, mene ne wannan?"

"Ciwon ido kike yi? Barewa ce," in ji Baba Jesse, ko ɗagowa bai yi ba. "Miƙo mini babban kwano da ruwa. Ki haɗo da gishiri."

"Wace barewar?"

"Tasu mana. Da akwai wata ne?"

Babu wata kam. Paulina ba ta taɓa ganin barewa mai guntun ƙahon nan da rai ba, amma ta san ta kamar yunwar cikinta, don kwanakin nan da labarinta ake cin tuwo a gidan, da shi ake kwana.

Mijinta Istifanus ma'aikacin gandun daji ne, mataimakin wani Bature da mutanen gari ke kira Mai Lofe. Ana gab da sauke tutar Ingila a ɗaga ta Nijeriya, Mai Lofe kuwa ya fara ɗaure kayansa. Bakinsa ne zai faɗi wanda zai gaji kujerarsa da gidansa na GRA, unguwar Turawa, kuma ba Istifanus kaɗai ke hari ba, akwai wani akawu Abdulsalami da ya kafa ido. Ana cikin haka yayar Mai Lofe ta iso hutu, Madam Agnes, wata doguwar tsohuwa busasshiya da ba ta da aiki a duniya sai kallon dabbobi. Daga wani tsibiri can tsakiyar teku ta taho, inda aka ce ta yi wata guda kwance cikin rairayi tana kallon kunkuran ruwa suna ƙwai. Ranar da Paulina ta ji, tambaya ɗaya ta yi: ƙwan nawa ta kwaso? Aka ce ko ɗaya. Tun daga nan ta san matar da sauranta.

Da zuwanta Bauchi ta gano barewar nan a bakin wani tafki, bayan dutsen da ke gaba da GRA, cikin gandun da gwamnati ta hana farauta. Shi ke nan zama ya ƙare. Kullum da asuba mota ta tsaya a ƙofar gidansu na unguwar Ɗan Iya ta ɗauki Istifanus, su je su kwanta rub da ciki cikin ciyawa da madubin hangen nesa, ba magana ba tari. Ya dawo da ƙarangiya fal safa, Paulina ce mai cirewa. Har suna Madam ta raɗa wa dabbar, wai Bintu, ba rago ba goro.

Shi kuwa Baba Jesse daga ƙauyensu na kudu ya hawo mota ya zo, ya ce yana so ya ga 'yancin kan nan da ake ta faɗa da idonsa. Sarkin baka ne a garinsu, ko coci zai je sai an tuna masa ya ajiye kwari. Kullum da yamma sai ya ji surukinsa yana ba da labari, "Yau ma mun gan ta, kusa kamar nan da ƙofa." Tsohon ya ce, "Sai me?" Istifanus ya ce, "Sai muka dawo." Tsohon ya sunkuyar da kai ya ci gaba da cin tuwonsa. Paulina ta ga sunkuyawar nan, ta ɗauka gajiya ce. Ashe kunya ce yake ji a madadin gidan.

Kuma yau, yau ɗin nan da la'asar, Mai Lofe da yayarsa za su zo cin abinci, karo na farko da Bature zai taka gidansu. Ta shafe bango da farar ƙasa, ta aro farantan tangaran wajen matar fasto, ta turke kaji biyu. Yanzu haka ma suna can bakin tafki a kwance, suna jiran abin da ke kan buhun nan.

Ta tsuguna kusa da shi, ta yi ƙasa da murya. "Baba, ba ci suke so su yi ba. Kallo suke yi."

"Kallo."

"Kallo kawai."

"Su tashi da asuba, su ƙona man mota, su kwanta cikin raɓa, don kallo? Rawa take yi musu?" Ya yanke wurin da kibiya ta shiga ya jefa rami saboda dafi. "Ke yarinya ce. Namiji ba ya buɗe baki ya ce na kasa. Baturen nan hannunsa rawa yake, na ga yadda yake riƙe lofensa ta tagar mota. Mijinki kuwa ladabi ne ya hana shi harbi gaban ubangidansa, ban ga laifinsa ba. To ni da nake cikin gidan, in zauna in ga baƙon surukina ya koma ƙasarsu da kwaɗayi a baki? A garinmu me za a ce da ni?"

"Doka ta hana, Baba. Surukinka da kansa ya bi ƙauye ƙauye a keke yana shela."

"Dokar wa?"

"Ta gwamnati."

"Ba an ce gwamnatin tafiya za ta yi ba?"

Paulina ta ji kamar ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, amma katangar Ɗan Iya gajera ce, kuma rabin maƙwabta ma'aikata ne, ofis ɗaya ake haɗuwa.

Tsohon ya ci gaba da bayani cikin jin daɗi, yana rarraba naman. Tun kukan zakara na fari ya fita, ya zaga ta bayan dutse inda take kwana, kibiya ɗaya ta wadatar. Ya sa ta a buhu ya ɗora itace a sama, ko kare bai yi masa haushi ba. Cinyar dama ta babban baƙo ce. Kan kuma ba a dafa shi, a gaban baƙo ake ajiyewa don ya ga ita ɗin ce ba wata ba, sannan mafarauci ya zauna ya faɗi yadda aka yi. Haka ake yi tun kakanni. Ya ce ta kakkaɓe masa rigarsa ta coci.

Da rana tsaka Istifanus ya shigo, madubi a wuya, fuska a yamutse.

"Maman Mary, yau ba ta zo ba. Mun jira har rana ta yi zafi. Madam ko shayi ta kasa sha."

"Zo ka gaishe ta," in ji Paulina. Ta ja hannun rigarsa zuwa bayan madafa.

Ya dubi kan, ya dubi guntun ƙahon, ya laluba turmi ya zauna. Baba Jesse na gefe yana wanke wuƙa, yana jiran godiya. Istifanus ya ce, "Sannu da aiki, Baba." Me kuma zai ce? Ba a yi wa suruki tsawa. Sai da suka shiga ɗaki ya rufe ƙofa, sannan ya juye mata duka, cikin raɗa, jijiyoyin wuyansa a miƙe.

"Na shiga uku! Mahaifinki ya gama da ni. A gidana? Gidan mai gandun daji? Ki kwashe a zuba a masai, yanzun nan."

"Nama a masai, a gaban idonsa? Kai ka je ka kwashe."

"To a rarraba wa maƙwabta."

"Kafin la'asar Abdulsalami ya ji. Ko ka manta matar ƙanensa ce a bayanmu?"

Ya dafe kai. "In ya fito da kan nan gaban Mai Lofe, ba kujera kaɗai ba ce, kotu ce. Kuma ni zan rubuta ƙarar da hannuna. Ki gaya masa ya zauna a ɗaki har su tafi."

"Kai ka gaya masa, Baban Mary."

"Ni? Surukina?"

Haka maza suke. Su kwanta cikin ciyawa da kunama ba su ji tsoro ba, amma magana ɗaya mai nauyi sai a nemo mace. Paulina ta fito ranta a jagule, gaba kura baya sayaki. Tana son gidan GRA, ba za ta yi ƙarya ba, tana son famfo a cikin gida da makarantar kirki ga 'yarsu Mary. Ta ga yadda mijinta ya yi shekaru yana cewa "ranka ya daɗe" har bakinsa ya saba. Amma tsohon nan shi ya sayar da saniyarsa guda ya kai ta makarantar mishan, lokacin da duk ƙauye ke masa dariya.

Ta tarar ya yi wanka, ya sa rigar, yana shafa man gyaɗa a faso. Ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, in sun zo, ka ɗan zauna a ɗaki."

Ya tsaya da shafawar. "A ɗaki."

"Na ɗan lokaci ne. Su Turawa ba su san al'adarmu ba. In suka ga kan nan, aikin Baban Mary ya tafi."

Ya daɗe yana kallonta, irin kallon da yake yi wa sawu a ƙasa. Ta so ya yi faɗa, ya zage ta, ya ce ta zama Baturiya, da ta fi samun sauƙi. Sai ya ce kawai, "To. Gidanku ne." Ya miƙa hannu ya saki asabari.

Ta koma madafa ta sauke haushinta a kan turmi. Tun da ba a zubarwa kuma ba a rabawa, sai ta zuba naman duka a babbar tukunya, ta daka barkono da citta da kimba da masoro, ta yi farfesu, da nufin in baƙi sun tafi su ci abinsu a rufe. Fatar ta tura ƙarƙashin buhun gawayi. Ta nemi kan ta rasa, ba ta kuma da zarafin tambaya. Ta yanka kajinta ta soya, ta dafa shinkafa fara tas yadda matar fasto ta ce Turawa ke so, ba yaji ba daddawa, abinci kamar na majinyaci. Amma ƙamshi ba ya jin doka. Kafin azahar ta wuce, farfesun ya cika gidan ya tsallaka katanga.

Da la'asar motar ta tsaya, yaran unguwa suka yi mata zobe. Aka zaunar da baƙi a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, kan kujerun da aka aro. Mai Lofe ya iya Hausa, irin ta littafi, kowace kalma a wanke. Ya gaida Paulina, ya tambayi gajiya, ya tambayi yarinya. Madam Agnes ta zauna jugum, ta tsakuri shinkafa, ta juya cinyar kaza da cokali mai yatsu. Can sai ta ɗaga dogon hancinta ta shaƙi iska, ta yi wa ƙanenta magana.

"Ta ce duk inda ta je a duniya kaza ake ba ta," in ji Mai Lofe. "Ta ce mene ne wannan mai ƙamshi da kuka ɓoye?"

"Abincinmu ne na gida, ranka ya daɗe," Paulina ta ce da sauri. "Yaji ya yi yawa. Ba za ta iya ba."

Ai kamar ta ce bisimilla. Kafin ta rufe baki tsohuwar ta miƙe, ta nufi madafa da farantinta, ta buɗe tukunya da kanta. Mace ta zo gidan mutane ta buɗe tukunya! Paulina ta bi ta a baya tana addu'a a zuci, ta zuba mata kaɗan. Madam ta dawo ta zauna, ta ajiye cokali, ta sa hannu. Fuskarta ta yi ja, hawaye ya zubo, ta sha ruwa, ta miƙa faranti a ƙara. Mai Lofe ma ya ce a sam masa. Istifanus na zaune tsakaninsu, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

"Madalla," in ji Mai Lofe, yana tsotsar ƙashi. "Ban taɓa cin irinsa ba. Istifanus, naman me ne wannan?"

"Akuya ce, ranka ya daɗe."

Tsoro ne ya sa muryar ta fita da ƙarfi. Ɗakin baƙi kuwa, inda tsohon yake, ga shi nan kusa, asabari ne kawai tsakani. Paulina na tsaye da butar ruwa ta ga asabarin ya motsa, ya ɗaga.

Baba Jesse ya fito cikin rigarsa ta coci, da burgaminsa na fata rataye a kafaɗa. Burgamin ya yi tudu, kuma daga gefe wani abu mai tsini ya tokare fatar. Paulina ta gane inda kan ya shiga.

Ya tako a hankali ya yi gaisuwa. Istifanus ya miƙe ya ce mahaifin matarsa ne. Mai Lofe ya tashi tsaye ya ba shi hannu, ya jawo masa kujera da kansa. Tsohon ya zauna, ya ɗora burgamin a cinya, hannunsa a kan igiyar bakin.

"Na ji labarinka," in ji Mai Lofe. "An ce kai ne sarkin baka a ƙasarku."

Da ya fassara wa yayarsa, sai ta ajiye ƙashin da ke hannunta, ta matso, ta shiga zuba magana tana nuna wajen dutse. Mai Lofe ya juya ta da Hausa. Ta ce akwai wata barewa da take zuwa gani kullum, yau ba ta zo ba. Ta ce tana tsoron ko kura ce, ko ta canza mashaya. Kwanan nan za ta tafi, kuma a shekarunta ba ta sa ran sake ganin ƙasar nan. Ko zai yarda ya bi musu sawu gobe, ta gan ta sau ɗaya ta yi mata sallama?

Tsohon ya dubi matar, da maiƙo a yatsunta da ruwa a idonta. Ya dubi surukinsa. Ya dubi 'yarsa, da ruwa ke zuba daga bakin buta a kan ƙafarta ba ta sani ba.

"Tambaye ta," ya ce, "in ta gan ta, me take yi?"

Aka tambaya. Madam ta ba da amsa gajeriya.

"Ta ce ba komai. Murna take yi da tana nan."

Baba Jesse ya gyaɗa kai a hankali. Ya sauke burgamin ƙasa, ya tura shi ƙarƙashin kujera da diddige.

"Ka ce mata ta yi haƙuri. Da can ne. Yanzu ido ya tafi, ko saniya ba na gani sai ta yi kuka."

"Assha," in ji Mai Lofe. "Tsufa ke nan, duk muna hanya. To amma ka ci akuyar nan ta 'yarka? Ba a samun irinta a kasuwar Bauchi."

"Tawa ce," in ji tsohon. "Daga gida na kawo."

Paulina ta juya ta shige madafa, ta tsaya gaban murhu, hayaƙi ya ba ta dalilin hawaye. Tun tana ƙarama take jin mahaifinta yana ba da labarin farauta, ya ƙara gishiri, ya mai da zomo gada, ya mai da gada gwanki. Ba ta taɓa jin ya rage ba sai yau.

Kafin magariba baƙi suka tashi. Madam ta riƙe hannun Paulina da hannu biyu, ta ce abincin nan shi ne abu mafi daɗi da ya same ta a yau. Istifanus ya raka su mota, ya dawo kusan da gudu, ya tarar da ita tana wanke farantan matar fasto.

"Maman Mary! Ya ce gobe in zo da ke ki ga gidan, ki faɗi inda ke son fenti. Kin ji? Da bakinsa ya faɗa!"

"Na ji," ta ce. "Riƙe wannan kada ya fashe, ba namu ba ne."

Ta ɗebo farfesu a kwano, ta zaɓo tsoka mai kyau, ta nufi ɗakin baƙi. Tsohon ya cire rigar ya ninke. Yana zaune kan tabarma, ya kwance tsirkiyar bakansa yana naɗe ta a yatsu. Ta durƙusa ta ajiye kwanon a gabansa.

"Ta ci?" ya ce.

"Ta ci, Baba. Har ta ƙara."

"To." Ya gama naɗewa ya ajiye. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Gidan nan da za ku koma, akwai inda tsoho zai zauna in baƙi sun zo?"

Akwai. Ta taɓa hangowa daga titi, wasu 'yan ɗakuna a jere can bayan madafa, inda kuku da mai wanki suke kwana. Ta matsa masa kwanon, ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta jira ya sa hannu.